Ruwan Ƙarfe Biyar

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma da rabi na safe

Wannan littafin kamfani ne. A cikinsa nake rubuta lokacin tashi, lokacin isa, da nisan da bas ta ci. Nas ta ce a nemi littafi a riƙa rubuta lokutan maganin Kwandasta da awon jininta, sai na ciro shi daga jaka na juya shi ta baya. Auta ta riƙe shi da yatsu biyu ta ce, "Baba, wannan ai duk baƙin mai ne." Ta sayo sabo mai koren bango. Nata ya zama na magani, wannan ya zama nawa.

Ban san wa nake yi wa bayani ba, amma Kwandasta matata ce. Ni na laƙaba mata sunan tun muna sabon aure, don ita ke cewa wa zai zauna ina, ita ke cewa yaushe za a tashi, ni tuƙi kawai nake yi. Ita ma ba ta kirana da komai sai Direba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Auta ƙaramar 'yarmu ce, malamar firamare, ita kaɗai ta rage a garin nan. Yayyenta biyu suna nesa, sai dai waya.

Ranar Alhamis Kwandasta ta faɗi a matakala ta sha huɗu da bokitin wanki a hannu. Matakalar benenmu ashirin da biyu ce. Ni ina kan hanya, kilomita ɗari biyu daga gida, ina faɗa da wani fasinja a kan buhun da ya tare ƙofa. Bugun zuciya ne, in ji su. Yau kwananta huɗu a gado na uku, kusa da taga, an jona mata wayoyi a ƙirji.

Da na shigo ɗazu ta buɗe ido ta ce, "An kwashe wankin daga matakala?" Na ce an kwashe. Ban sani ba ko an kwashe.

Talata, 4 ga wata, azahar

Likitar zuciya ta kira mu ofishinta, ni da Auta. Ba ta wuce sa'ar babbar 'yarmu ba, mai tabarau, ba ta murmushi sai da dalili. Ta zana zuciya a bayan wata takarda, ta cike gefe ɗaya da baƙin biro. Ta ce nan ne jini ya yanke, naman wurin ya mutu, ba zai dawo ba. Ta ce yanzu akwai kumburi a wurin.

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Manaja ne, yana son jin wa zai ɗauki bas ɗin safe. Na fita baranda. Minti huɗu na yi, na duba agogo, ban ƙara ko ɗaya ba. Da na dawo tana cewa sati shida, ba aiki, ba ɗaukar kaya, ba ɓacin rai. Auta na ta rubutu kamar wadda za ta shiga jarrabawa.

A waje na tambaye ta abin da aka ce bayan na fita. Ta ce, "Baba, ka bar min wannan. Kai dai ka nemo motar da za ta kai mu gida."

Kumburi dai. Duk waɗannan wayoyin da na'urorin, ashe kumburi ne.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An sallame mu. Na je aron ƙaramar motar Dogo, abokin aikina a tasha. Kafin in sami wurin ajiye ta, nas ta gama duk bayananta da Kwandasta da Auta, suna zaune a bakin ƙofa da leda cike da magani.

Ni da Dogo muka hau da ita bene a kan kujerar roba. A matakala ta sha huɗu ta rufe ido. Dogo yana haki ya ce, "Hajiya, an ce ciwo na ramar da mutum, ke naki ina ya tsaya?" Ta ce, "Ka ɗauka a hankali, ba buhun fasinja ba ce."

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ɗauki hutun wata guda, kuma ban san me zan yi da kaina a gidan nan ba.

Auta ta dawo da zama nan. Ta zo da wani akwatin roba mai gidaje bakwai, kowace rana da gidanta, ta jera ƙwayoyi farare da ruwan ɗorawa. Ita ke awo, ita ke girki ba gishiri, ita ke amsa wayar yayyenta. Na shiga kicin zan dafa shayi, na buɗe durowa biyar ban ga sukari ba. Na ɗauko wani kofi mai shuɗin baki, Kwandasta ta ji ƙararsa daga ɗaki ta ce, "Wannan nawa ne, bayan tulun shayi ake ajiye shi." Auta ta karɓe cokalin daga hannuna ta ce in je in zauna.

Na zauna. Mutum sittin nake ɗauka kullum in kai su lafiya in dawo, amma a gidana an ce in je in zauna. Abin ya ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Tun jiya Kwandasta take cewa ƙirjinta na suka in ta ja numfashi, har kafaɗar hagu. Auta ta ce an ce za a ji haka, a yi haƙuri.

Mu a tasha ba ma haƙuri da ciwo, don bas ba ta jira. Duk direban da ya haura shekara goma a kan sitiyari yana da ƙwayoyin nan da muke kira jajaye a durowar gaban mota. Baya, gwiwa, wuya, haƙori, duk su ne. In mutum ya sauko yana ɗingishi ba a tambayarsa me ya same shi, sai dai a ce, "Biyu ko uku?" Shekara ashirin ina shan su saboda gwiwar da ke taka kuloci. A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro: maganin ciwo da kumburi.

Auta na fita darasin yamma daga huɗu zuwa shida da rabi. Ƙarfe biyar na ɗauko kofin nan mai shuɗin baki, na zuba ruwa, na ɓare jajaye biyu, na shiga.

Kwandasta ta dubi ƙwayoyin. Ta dubi kofin. Ta daɗe tana duban kofin.

Ta ce, "Direba, kai ka zubo ruwan nan da kanka?"

Na ce, "A'a, aljani na aika."

Ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ta karɓa ta sha. Na ce kada ta gaya wa Auta, ta san halinta, yanzu za ta fara yi min lacca a kan maganin 'yan tasha. Ta ce to.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ta ce sukar ta ragu. Ta yi barci a kwance sosai. Auta ta rubuta a koren littafinta, "An samu sauƙi," ta ja layi biyu a ƙasa. Ni kuwa da na je sayen burodi har fito nake yi a hanya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar

Na kai ruwa. Ta sha.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida da kwata na yamma

Na lura ta fara jiran ƙarfe biyar. Yau na tarar ta gyara ɗankwali, ta jingina da filo biyu, ta matsar da ƙafarta ta bar min wuri a bakin gado.

Muka yi hira. Ban san rabon da mu zauna haka ba. Ashe ba ta taɓa son labulen ɗakin nan ba, wanda na sayo mata daga tafiya shekara sha biyu da suka wuce, ina ta yabon kaina. Ashe kuma odar da nake dannawa sau biyu in na zo mahaɗar titinmu da yamma, don in kori masu babur, ita ta ɗauka ita nake gaisarwa. Ta ce da ta ji take ɗora ruwan wanka.

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na ce, "To da wa kike tsammani nake yi wa?"

Ta ce, "Maƙaryaci." Amma ta ji daɗi.

Juma'a, 14 ga wata, azahar

Na leƙa tasha. Na ba Dogo labari a gefe. Ya buga cinya ya ce, "Ai likitoci ba su san jajaye ba, su sai farare." Ya ƙara min kwali ɗaya daga motarsa.

Ƙarfe biyar

Ruwa. Ta sha.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwandasta ta matsa wa Auta lamba sai ta ga rana. Auta ta riƙe ta suka sauka har matakala ta takwas, suka zauna, suka dawo. Daga baya Kwandasta ta sake ninke kayan wanki a kan gado, tana mita wai mun ninke su kamar masu gudun gobara. Gidan ya fara komawa gida.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Silifas ɗinta sun ƙi shiga. Ƙafafun sun cika, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Auta ta kira asibiti, an ce a kawo ta ranar Alhamis, in numfashi ya tsananta a kawo ta kafin nan.

Na dubi ƙafar nan da kyau. Kumburi ne, ko makaho ya shafa ya san kumburi ne. Na ce a raina ya bar ƙirji ya gangaro ƙasa, saura kaɗan ya fita. Yau na ba ta uku.

Ta riƙe su a tafin hannu ta ce, "An yi min ƙarin girma ne?" Na ce eh, ta zama babbar direba. Ta sha.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana, asibiti

Ba mu kai Alhamis ba.

Da safe ta tashi za ta shiga banɗaki, jiri ya kwashe ta. Leɓenta fari fat. Numfashi sama-sama. Ni na sauko da ita a hannuna, matakala ashirin da biyu, ban ji gwiwa ba sam.

Gado na uku kuma, kusa da taga. An saka mata abin numfashi a hanci, an rataya ledar jini. Likitar zuciya ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, akwai inda yake tsiyaya a ciki. Ruwa ya taru a huhu. Ƙoda ta gaji. Zuciyar kuma, a hoto, ta buɗe fiye da yadda ta bar ta.

Ta cire tabarau ta ce, "Akwai wani abu da take sha ban da waɗanda muka rubuta? Komai ƙanƙantarsa. Ko na ciwon kai, ko jiƙo, komai."

Auta ta miƙa koren littafi ta ce, "Babu, likita. Ni nake ba ta da hannuna. Ga shi, ko minti goma ban taɓa makara ba."

Likitar ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Babu."

Kwandasta ta rufe ido.

Wallahi a lokacin abin da na raya shi ne, jajaye ba magani ba ne irin wanda take nufi. Abin da kowa ke sha ne. Haka na gaya wa kaina har na sauko ƙasa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe tara na safe

Akwai kemis a tsallaken asibiti. Na shiga da kwalin a aljihu. Na ce wa mai kemis, wani dattijo mai furfura a gira, wani abokina ne ya yi bugun zuciya kwanan nan, ko zai iya shan wannan?

Ya ajiye biron da ke hannunsa. Ya ce, "Kada ya kuskura. Ko ɗaya. Ai shi ne abu na farko da ake gaya musu ranar sallama."

Na ce to, zan gaya masa.

Ya ce, "Ya riga ya sha ne?"

Na ce a'a, tambaya ce kawai. Na fito. Na tsaya a bakin titi motoci na wucewa, ni da na yi shekara talatin da huɗu ina tsallaka titi ba fargaba, na kasa tsallakawa.

Ranar sallama ina can ina neman wurin ajiye mota.

Ƙarfe biyar

Ba komai.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na zuba su a kwata, duka, har da kwalin Dogo. Gwiwa na ci na kamar ana buga ƙusa. Ta ci.

Kwana goma ne. Na ƙirga a littafin nan, shafi-shafi. Ba sai na rubuta jimillar ba, na san ta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

An ƙara mata jini leda ta biyu. Tana barci a zaune, in an kwantar da ita sai ta fara neman iska. Ƙafar ba ta sauka ba.

Na tarar da Auta a bencin baranda ta kifa kai a gwiwa. Ta ce, "Baba, ni ce. Ni na saukar da ita matakala ranar Lahadi. An ce min sati shida, ni da kunnena na ji, na rubuta. Ta roƙe ni na biye mata. Ni na kashe ta."

Na ce, "Ba ta mutu ba, daina faɗin haka."

Ta ce, "Ni ce, Baba."

Na dafa kanta na ce komai nufin Allah ne. Ka ji fa. Da bakin nan nawa na ce mata komai nufin Allah ne. Ta riƙe hannuna tana kuka a cikinsa, hannun da ya ɓare su.

Lahadi, 23 ga wata, safe

Auta ba ta ci komai ba tun jiya.

Azahar

Na je ƙofar ofishin likita. A rufe, yau Lahadi. Na ji daɗi da na same ta a rufe. Wannan ma in rubuta shi, na ji daɗi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Da sassafe na je tasha na ce wa Dogo ya ba ni kwali, fanko ma ya isa. Ya fara wasa, ya dubi fuskata, ya bari. Ya miƙo min.

Na ajiye shi a kan teburin likita. Na ce biyu kullum daga ranar tara ga wata, uku a rana ta ƙarshe. Na ce ni ne, ba yarinyar ba, ba ta ma sani ba.

Na so ta yi min ihu. Da ta yi, da na samu sauƙi. Sai ta jawo takarda ta sake zana zuciyar nan, ta cike gefen da baƙi, ta ce, "Baba, ranar da na yi wannan bayanin ka fita amsa waya."

Ta ce kumburin da ta faɗa ba irin na gwiwa ba ne da ake kora. A kwanakin farko aiki yake yi: shi ke kwashe mataccen naman, bayansa jiki ya ɗinke wurin da tabo mai ƙarfi. Yana da lokacin zuwa, yana da lokacin tafiya, su aikinsu su sa ido ya tafi a kan kari. Irin ƙwayar nan tana iya shiga tsakiyar wannan aikin. Tana riƙe ruwa a jiki, tana wahalar da ƙoda, in kuma ta haɗu da magungunan tsinka jinin da suka ba ta, tana iya fasa ciki.

Na ce, "Likita, su ne?"

Ta ce, "Jinin da ta zubar, kusan tabbas. Zuciyar kuma, ciwon da ma babba ne. Wasu tana buɗe musu haka ba su sha komai ba. Ba zan ce maka su ne ba, ba kuma zan ce maka ba su ba ne." Ta mayar da tabarau. Ta ce, "Abin da zan iya cewa, da ka faɗa min ranar Laraba, da ban ɓata kwana biyar ina nema a inda babu ba."

Minti huɗu. Manaja ma daga baya wani ya ba bas ɗin.

Ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya wa Auta, a bencin nan dai.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Kwana biyar ina kuka a gabanka."

Na ce eh.

Ta ce, "Ka dafa kaina."

Ta tashi ta shiga wurin mahaifiyarta. Tun daga lokacin in za ta yi min magana sai ta ce "a miƙo", "a matsa", "an kira". Ba Baba.

Laraba, 26 ga wata, azahar

An canja magunguna. Jinin ya tsaya. Ƙafar ta ɗan sauka, idon sawu ya fito. Likita ta ce kada mu yi saurin murna, zuciyar tana bugawa da rabin ƙarfinta.

Kwana biyu ke nan ina tsayawa daga bakin labule. Na kasa zama kusa da ita.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Kwandasta ta aiko nas ta kira ni. Muryarta ta zama siririya, sai ka sunkuya. Ta ce, "Ƙarfe nawa?" Na ce biyar saura kaɗan. Ta ce, "To ina ruwana?"

Na waiga ina neman kofi. Ta nuna jakarta da ido. Ashe ta sa Auta ta kawo mata kofin daga gida. Na zuba kaɗan, don an ƙayyade mata ruwa, na riƙe mata ta kurɓa.

Na ce, "Ki yafe min. Ban sani ba. Da na tsaya na ji bayanin nas ranar sallama…"

Ta ce, "Ni ai na ji."

Ban gane ba. Ta ce, "Ina zaune nas ta faɗa. Kada in sha komai sai abin da suka rubuta, musamman na ciwon jiki. Sau biyu ta faɗa."

Na ce, "To don me kika karɓa? Don me ba ki watsa min su a fuska ba?"

Ta huta, ta ja iska. Ta ce, "Na ce a raina biyu ba za su yi komai ba. Gobe zan gaya masa." Ta sake hutawa. "Direba, shekara talatin da ɗaya ina kai maka ruwa. Na haihu sau uku, na yi zazzaɓi ba adadi. Ranar nan ce ka fara kawo min. Na san in na ce ba a shan ƙwayar, za ka ji kunya, ka koma falo ka zauna. Ba za ka sake shigowa ba."

Na so in ce ƙarya ne, da zan shigo. Amma ta san ni.

Ta ce, "Kowace rana sai in ce gobe. Kada ka ɗauka kai kaɗai, kaya na mutum biyu ne." Sai ta ɗan murmusa ta ce, "Kuma labulen nan, in na koma a cire shi."

Da na juya, Auta na tsaye a bayan labulen gadon da flas a hannu. Ban san tun yaushe ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar

Ruwa kawai. Ta sha.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar

Ta sha rabi. Ta ce in ba ta labarin fasinjan buhu. Na ba ta, na ƙara gishiri. Ta yi barci kafin in kai ƙarshe.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe biyar

Ta jiƙa leɓe.

Litinin, 1 ga wata

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe.

A littafin nan, in na rubuta lokaci, gefensa akwai gurbin tashi da gurbin isa. Ban san a wanne zan saka wannan ba.

Alhamis, 4 ga wata, azahar

Yaran sun zo, mutane sun zo ta'aziyya, an cika matakala da takalma. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce na yi ƙoƙari, an ga yadda na kula da ita. Dogo ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, bai iya haɗa ido da ni ba. Da zai tafi ya ce min ya kwashe jajayen da ke durowar motarsa. Ya ce ya yi wa mutanen tasha magana, wasu sun ji, wasu sun yi dariya.

Auta ba ta gaya wa yayyenta ba. Ni ma ban faɗa ba tukuna. Zan faɗa kafin su koma. Na rubuta a nan don kada in ce gobe.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na faɗa musu jiya. Yau sun tafi. Babbar ta rungume ni a bakin mota, ɗayan ya gaishe ni daga nesa. Duka biyun na karɓa.

Na cire labulen. Ɗakin ya yi haske da yawa.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Gidan shiru. Auta na cikin ɗakin tana ninke kayan mahaifiyarta a kan gado. Ni ina falo, a inda aka ce in zauna.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ban duba agogo ba, ƙafata ce ta sani. Sai ganina na yi a bakin ƙofar ɗakin da kofi mai shuɗin baki cike da ruwa. Na kasa shiga, na kasa komawa. 

Auta ta ɗago. Ta dubi kofin, ta dube ni. Ta ajiye zanin da ke hannunta, ta tako, ta karɓa. A tsaye ta shanye shi tas, hawaye na gangara cikin kofin.

Na karɓa na kai kicin, na wanke, na kifa shi a kan kanta kusa da faranti. Ina jin takunta a bayana.

Ta ce, "Baba, ba nan ake ajiye shi ba. Bayan tulun shayi ne."